Moresnet, garin da sarakuna biyu suka kasa rabawa

Ranar 26 ga watan Yuni na shekarar 1816 wakilan sarkin Holan da na sarkin Purusiya suka zauna a birnin Aachen suka sa hannu a kan yarjejeniyar iyaka. Dazuzzuka da koguna da ƙauyuka duk sun daidaita a kansu, wannan naka, wancan nawa. Wuri ɗaya ne ya gagare su. Wata 'yar siririyar ƙasa ce wadda duk faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 3.5 ba, da gidaje kamar 50, da mutum 256. A kanta kowa ya kafe. Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sai suka ce to, a bar wurin a hannun su biyun, kada kowa ya shigar da soja, har ranar da sarakunan za su sasanta. Sun ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Sai da aka shafe shekara 103 ana jiran wannan rana.

Ba mutanen 256 ake wa wannan ja-in-ja ba. Rami ake so. A gefen ƙauyen Kelmis akwai wani tudu da Jamusawa ke kira Altenberg, Faransawa kuma Vieille Montagne, wanda cikinsa maƙare yake da dutsen tutiya mai kyau, kuma a kusa da doron ƙasa, ba sai an nutsa can ƙasa ba. Tun ƙarni na 14 akwai rubutacciyar shaida cewa ana haƙa a wurin. A wancan zamani ba a san yadda za a fitar da tutiya zallarta ba a Turai. Abin da maƙera suka sani shi ne, in aka niƙa wannan dutse aka haɗa shi da gawayi da jan ƙarfe a wuta, sai a sami tagulla mai ruwan zinariya. Da wannan sana'a garuruwa irin su Aachen da Stolberg da Dinant suka yi suna da arziki. Tagullar wannan yanki ta yi tafiya mai nisa. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa yawancin tagullar da maƙeran masarautar Benin suka zuba shahararrun kawunansu da allunansu da ita, daga yankin kogin Rhine ta fito, tsakanin Cologne da Aachen, ta hannun 'yan kasuwar Fotugal.

Tutiya ƙarfe ne mai wuyar sha'ani. Zafin da ake buƙata kafin ta rabu da dutsenta ya wuce zafin da take tafasa, wato digiri 907. Saboda haka ba ta narkewa ta kwanta a gindin tanderu yadda sauran ƙarafa ke yi. Tururi take zama ta tashi, da ta haɗu da iska kuma sai ta ƙone ta koma farin gari. Mutanen Indiya da na Sin sun daɗe da gano dabarar kama wannan tururi, ɗaruruwan shekaru kafin Turawa. A wannan yanki kuwa wani mutumin Liège mai suna Jean-Jacques Dony ne ya ƙera tanderun da ya dace: a cusa dutsen da gawayi cikin bututun yumɓu rufaffe, a hura wuta, tururin ya bi ta baki ya huce ya diga. A 1806, lokacin da duk yankin yake ƙarƙashin Faransa, Napoliyon ya ba Dony izinin haƙar Altenberg. Dony ya iya kimiyya, bai iya kasuwa ba. Ya yi ta fitar da ƙarfen da mutane ba su san abin da za su yi da shi ba tukuna, bashi ya ci shi, harkar ta koma hannun wani attajirin Brussels, François-Dominique Mosselman. Amma duk mai ido ya riga ya gane cewa wannan tudu dukiya ce.

Da Napoliyon ya faɗi, manyan Turai suka taru a Viyana a 1814 da 1815 suna sake zana taswira. Sassa biyu na takardar da suka fitar sun bayyana iyakar wannan yanki, amma maganarsu ba ta zo ɗaya ba. In Holan ta karanta sai ta ga ramin a gefenta, in Purusiya ta karanta sai ta gan shi a nata. Abin da aka yi a Aachen shi ne aka tsaga gundumar Moresnet gida uku. Yamma, inda ƙauyen Moresnet kansa yake, ya tafi Holan. Gabas da kudu suka tafi Purusiya. Tsakiya, inda ramin da ƙauyen Kelmis suke, aka sa masa suna Moresnet 'Yar Ba-ruwanmu.

Siffar ƙasar kamar tsinin mashi take. Gindinta yana kudu, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Aachen zuwa Liège, faɗinsa kilomita ɗaya da rabi ko kusa da haka. Daga nan sai ta yi ta tsukewa tana hawa arewa cikin daji, tafiyar kamar kilomita 5, har ta ƙare a kan tudun Vaalserberg mai tsayin mita 322, wanda shi ne wuri mafi tsayi a duk ƙasar Holan ta nahiyar Turai. Gidaje da ramin suna can kudu kusa da hanya da ƙoramar Göhl, arewa kuwa itatuwa ne. Layukan gefe biyun a miƙe suke sak, don a kan tebur aka ja su, ba a bi kwari ko rafi ba. Da farko turakun katako aka kafa, daga baya aka maye gurbinsu da duwatsu 60 masu lamba.

A 1830 mutanen Beljiyam suka yi tawaye suka ɓalle daga Holan, sabuwar ƙasar kuma ta gaji matsayin Holan a Moresnet. Tun daga nan, musamman bayan an tabbatar da iyakoki a 1839, kan tudun Vaalserberg ya zama mahaɗar ƙasa huɗu: Holan, Beljiyam, Purusiya da Moresnet. Har yau hanyar da ke hawa tudun daga garin Vaals sunanta Hanyar Iyakoki Huɗu, ko da yake uku suka rage.

Yadda aka mulki wurin shi ne abin da ya fi ɗaure kai. Kwamishinoni biyu ne a sama, ɗaya na kowane sarki, kuma ba a garin suke zaune ba. Galibi ma'aikatan gwamnati ne daga garuruwan kusa, Verviers ta gefen Beljiyam, Aachen ko Eupen ta gefen Purusiya. Su ke naɗa magajin gari. Na farko, Arnold de Lasaulx, ya riƙe kujerar daga 1817 har 1859. Ba a iya canza komai sai ɓangarorin biyu sun yarda, su kuwa kowa tsoro yake ji kada ya amince da wani abu da za a fassara shi da cewa ya sallama haƙƙinsa. Saboda haka sai komai ya daskare a inda Napoliyon ya bar shi. Dokokin Faransa na zamaninsa su suka ci gaba da aiki, har da dokar laifuka ta 1810 mai tsananin horo, alhali Beljiyam da Purusiya da ita kanta Faransa duk sun gyara nasu. Kuɗin hukuma faran na Faransa ne, amma a kasuwa kowane kuɗi yana ci. Babu kotu. Mai ƙara sai ya nufi alƙalan Beljiyam ko na Purusiya, su kuma su buɗe tsohon kundin Napoliyon su yi masa hukunci da shi. Sai a 1859 aka kafa majalisar gari mai mutum 10, ita ma naɗi ce, kuma shawara kawai take bayarwa. A duk tsawon rayuwar wannan ƙasa mazaunanta ba su taɓa zaɓen wanda zai mulke su ba.

Wannan daskarewa ta zo da nata daɗin. Haraji ya tsaya a ƙasa ƙwarai. Kaya suna shigowa daga ɓangarorin biyu ba kuɗin kwastan, don haka abinci da sutura sun fi araha a kan na maƙwabta. Sannan da farko babu aikin soja na dole. A Turai ta ƙarni na 19, inda ake ɗebe saurayi daga gona a kai shi bariki shekaru, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Samari suka riƙa tsallako hanya suna zama 'yan Moresnet. Beljiyam ta toshe wannan ƙofa ga 'yan ƙasarta a 1854, Purusiya ta bi sahu a shekarun 1870, ya zama sai zuriyar mazaunan asali kaɗai ke da wannan kariya. Su ne 'yan ba-ruwanmu na ainihi, mutanen da ba su da wata ƙasa a duniya sai wannan tsinin mashi, kuma cikin 'yan shekaru suka zama tsiraru a garinsu. Daga mutum 256, jama'a ta haura 2,000 kafin 1860, ta kai 4,668 a 1914.

Fasa-ƙwauri kuwa ba a magana. Doka ta yarda mutum ya dafa barasa don shansa, sai aka wayi gari ana dafa abin da ya ninka cikin mutanen garin sau da yawa, rarar tana bin dajin arewa da dare zuwa Holan da sauran maƙwabta. Mashaya suka cika bakin babbar hanya. 'Yan mata masu aikatau a biranen Jamus da Beljiyam waɗanda aka yi wa ciki, sau da yawa masu gidan da suke wa aiki, sukan zo nan su haihu a ɓoye, su bar jaririn a hannun wani iyali da ake biya. Wurin da hukuma ba ta sa ido sosai yakan zama mafakar mai laifi, yakan kuma zama mafakar wanda aka zalunta, kuma Moresnet ta karɓi iri biyun.

In ana ba da labarin wannan wuri an fi son a tsaya a nan, a nuna shi a matsayin 'yar aljannar da ba haraji ba soja. Ni abin da na fi gani shi ne wanda ya cike gurbin da sarakunan biyu suka bari. A 1837 zuriyar Mosselman suka kafa kamfanin Vieille Montagne, da sunan wannan tudu, kuma shi ne sarkin Moresnet na gaskiya. Lokacin ya zo masa daidai. A shekarun nan aka gano dabarar tsoma baƙin ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya don kada ya yi tsatsa, dabarar da ta haifi kwanon rufin da ke kan gidajenmu da bokitin ƙarfe da wayar shinge. Aka kuma fara yin farin fenti da garin tutiya maimakon na dalma mai guba. Da Baron Haussmann ya rushe tsohon birnin Paris ya sake gina shi a shekarun 1850 da 1860, da fallayen tutiya aka rufe sababbin gidajen, kuma wannan kamfani yana kan gaba wajen samar da su. Rufin Paris mai ruwan toka da ake ɗaukar hotonsa yau, da gumin mahaƙan Kelmis a cikinsa.

A garin, kamfani ne ya gina gidajen ma'aikata, shi ya buɗe kantuna, shi ya ɗauki likita, shi ya kafa asusun ajiya, da hannunsa a makaranta da coci da ƙungiyoyin kiɗa. Idan aka gwada da halin leburori a wasu wurare a wancan zamani, ma'aikacin Vieille Montagne ya sami abin da da yawa ba su samu ba, wannan gaskiya ne. Amma mutumin da albashinsa da ɗakin kwanansa da maganinsa da karatun ɗansa duk daga hannu ɗaya suke fitowa, kuma ba shi da ƙuri'a, ba shi da kotu a garinsu, ina zai kai kuka in hannun nan ya matse shi? Aikin kansa mai cin jiki ne: ƙurar dutse a rami, ruwan sanyi a wurin wankin ma'adini, zafi da hayaƙi a bakin tanderu, ga dalma da ke tafe tare da tutiya a cikin ƙasar. Ribar kuwa Liège da Brussels da Paris take tafiya.

A 1885 ramin ya ƙare. Kamfanin bai tashi nan take ba, ya ci gaba da wanke ma'adinin da ake kawowa daga wasu ramuka na kusa, amma dalilin da ya sa aka ƙirƙiri ƙasar ya tafi. Mai hankali zai ce to yanzu sai a raba ta kowa ya huta. Ba a raba ba, domin shekara 70 na gardama sun mai da abin batun girman kai tsakanin Brussels da Berlin. Mutanen garin kuwa suka shiga zullumi. Wasu suna son a haɗe su da Beljiyam, wasu da Jamus, wasu kuma suka fara tunanin abin da bai taɓa zuwa zuciyar masu yarjejeniyar 1816 ba: me zai hana wurin ya tsaya da ƙafarsa?

Jagoran masu wannan tunani likitan kamfanin ne, Dokta Wilhelm Molly, Bajamushe, wanda ya zo garin yana matashi a shekarun 1860 ya zauna har ƙarshen ransa. Mutum ne da talakawa suka ƙaunata saboda yadda yake duba marasa lafiya, kuma gwamnatocin biyu duk sun ba shi lambar girma. Tun 1883 garin ya riga ya sami tuta mai launi uku a kwance, baƙi da fari da shuɗi. Molly mai sha'awar tara kan sarki ne, kuma ya san cewa a idon duniya ƙasa ita ce mai buga nata. A 1886 shi da abokansa suka kafa gidan waya na cikin gari suka buga kan sarki iri takwas da sunan Moresnet. Bai yi wata guda ba kwamishinonin biyu suka hana, suka kafa hujja da tsohuwar dokar Faransa da ta ce aikin wasiƙa na hukuma ne ita kaɗai. A kan wannan dai Brussels da Berlin ba su sha wahalar daidaitawa ba.

Yunƙuri na biyu ba na Molly ba ne, na 'yan kasuwa ne. A 1902 Beljiyam ta haramta gidajen caca, a Purusiya ma an daɗe da rufe su. Sai wasu suka duba tsohon kundin Napoliyon suka ga ƙofa: dokar ba ta hana taron da bai wuce mutum 20 ba. A watan Agusta na 1903 aka buɗe gidan caca a wani otal na garin, ana shiga rukuni-rukuni. Attajirai suka fara kwararowa daga Aachen da biranen nesa da keken doki. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya fusata, ya yi barazanar a raba ƙasar ko a miƙa ta ga Beljiyam muddin ba a rufe wurin ba. Kafin ƙarshen Satumba an rufe. Ban ga abin baƙin ciki a rufe gidan caca ba, amma yadda aka yi shi ya nuna wa mutanen garin matsayinsu: fushin mutum ɗaya a Berlin ya isa ya share ƙasarsu daga taswira.

Yunƙuri na uku shi ne ya fi kowanne ban mamaki, kuma shi ya fi taɓa ni. A 1887 wani likitan ido Bayahude a birnin Warsaw, Ludwik Zamenhof, ya fito da harshen da ya ƙirƙira da kansa, Esperanto. Ya tashi a garin Białystok inda Yahudawa da Polawa da Rashawa da Jamusawa ke zaune tare suna ƙin juna, ya yi imani cewa da mutane suna da harshe ɗaya mai sauƙi wanda ba na kowa ba, da gaba ta ragu. Molly ya koyi harshen. A garinsa ana jin Jamusanci da Faransanci da Holanci, ga kuma karin harshen gida da talakawa ke yi a tsakaninsu. Shi da wani malami Bafaranshe, Gustave Roy, suka ce ga ƙasar da ba ta kowa ba, ga harshen da ba na kowa ba, a haɗa su mana. Suka ba da shawarar Moresnet ta zama ƙasar Esperanto ta farko a duniya, da sunan Amikejo, wato wurin abota. A watan Agusta na 1908 aka yi babban taro a garin, aka yi jawabai, ƙungiyar kiɗan mahaƙa ta busa taken da aka tsara. Mutanen gari da dama, har da yara, suka shiga ajin koyon harshen. Jaridun ƙasashe suka ɗauki labarin, babban taron masu Esperanto na duniya da aka yi a Dresden a wannan shekara ma ya nuna goyon baya.

Ba gwamnatin da ta amince. Yana da sauƙi a ɗauki abin a matsayin mafarkin mutum biyu, amma a duba lokacin. Shekara shida ne kacal kafin Turai ta faɗa yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka. Manyan ƙasashe suna ƙera jiragen yaƙi da igwa, suna koya wa yaran makaranta ƙin maƙwabci. A tsakiyar wannan, wani ƙaramin garin leburori da ke zaune daidai kan tsagin da ke tsakanin Jamus da maƙwabtanta na yamma ya miƙe ya ce shi wurin abota yake so ya zama. Sun fi kowa sanin abin da zai same su in maƙwabtan nan suka kama juna, don gidajensu ne a kan hanya.

Haka kuwa aka yi. Da safiyar 4 ga Agusta 1914 sojojin Jamus suka tsallaka cikin Beljiyam ta Gemmenich, ƙauyen da ke jingine da Moresnet ta yamma. Cikin 'yan kwanaki suka mamaye ita kanta 'yar ba-ruwanmun, a 1915 kuma Purusiya ta ce ta haɗe ta da ƙasarta, ko da yake duniya ba ta amince ba. Mazauna masu takardar Jamus suka tafi rundunar Jamus, masu takardar Beljiyam wasunsu suna can a ɗaya gefen, mutanen da suka yi aiki a rami ɗaya suka yi ibada a coci ɗaya. A 1915 ɗin Jamusawa suka ja shingen waya mai wutar lantarki, ƙarfin bolt 2,000, a kan iyakar Beljiyam da Holan, ya faro daga kusa da tudun nan na iyakoki huɗu ya nufi teku. Ɗaruruwan mutane suka mutu a jikinsa, 'yan gudun hijira da masu fasa-ƙwauri da masu kai saƙo. Dajin da a da ake ratsawa da tulun barasa ya koma wurin da ake tsintar gawa.

Da aka gama yaƙi, yarjejeniyar Versailles ta 28 ga Yuni 1919 ta kashe maganar da layi biyu. Sashe na 32 ya ce Jamus ta amince da cikakken ikon Beljiyam a kan yankin Moresnet da ake jayayya a kansa. Ranar 10 ga Janairu 1920 abin ya tabbata, garin ya zama ƙaramar hukumar Beljiyam da sunan Kelmis, ko La Calamine a Faransanci. Dokta Molly bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1919. Maƙwabtansu na Eupen da Malmedy, waɗanda su ma aka ɗebe daga Jamus aka ba Beljiyam, an yi musu wani abu mai kama da jin ra'ayi: aka buɗe rajista, duk wanda bai yarda ba ya zo ya rubuta sunansa a gaban jami'an Beljiyam. Cikin mutum fiye da 33,000, 271 ne suka yi ƙarfin halin zuwa. Mutanen Moresnet ko wannan ba a yi musu ba. Yadda ba a tambayi kakanninsu a 1816 ba, haka su ma ba a tambaye su ba.

Wahala mafi girma tana gaba. A watan Mayu na 1940 Hitler ya mamaye Beljiyam, ranar 18 ga watan ya fitar da doka ya haɗe Eupen da Malmedy da Moresnet da Jamus. Aka ba mutanen takardar zama Jamusawa, abin da ya biyo baya kuwa kiran soja ne. Maza fiye da 8,000 daga wannan yanki na gabashin Beljiyam aka sa wa kakin Jamus, da yawa aka tura su fagen Rasha, fiye da 3,000 ba su dawo ba. Gaba kura, baya sayaki: wanda ya ƙi zuwa ya ɓuya, iyalinsa ne za su ɗanɗana, wanda ya je kuma ya tsira da rai, ya dawo ya tarar da hukumar Beljiyam tana jiransa da tuhumar haɗa kai da abokan gaba. Bayan sojojin Amurka sun iso a Satumba 1944 an buɗe wa dubban mutanen yankin fayil, wasu aka ɗaure su, wasu aka ƙwace musu haƙƙin ɗan ƙasa. Akwai waɗanda suka bi Nazi da zuciya ɗaya, ba a musun wannan. Amma da yawa laifinsu shi ne iyaka ta ratsa ta kansu suna zaune a gida.

Marubucin Beljiyam David Van Reybrouck ya fitar da wani ɗan littafi a 2016 mai suna Zink, a kan rayuwar mutum ɗaya da aka haifa a garin a 1903. Uwarsa 'yar aikatau ce daga Jamus da ta zo ta haihu a ɓoye ta bar shi a hannun masu riƙo. An haife shi ɗan ba-ruwanmu, mamaya ta mai da shi Bajamushe, Versailles ta mai da shi ɗan Beljiyam har ya yi mata aikin soja, Hitler ya sake mai da shi Bajamushe ya sa masa kaki yana magidanci mai 'ya'ya, sannan ya sake komawa ɗan Beljiyam. Sau biyar ana rubuta masa ƙasa, shi kuwa garinsu ɗaya ne.

Bayan yaƙi na biyu kamfanin ya tattara ya bar Kelmis, aka cike babban ramin. A 1977 aka haɗe Kelmis da tsohuwar Moresnet ta Purusiya da ƙauyen Hergenrath suka zama ƙaramar hukuma ɗaya, mai mutum kimanin 11,000 a yau, cikin yankin Beljiyam mai magana da Jamusanci wanda ke da majalisarsa da gwamnatinsa a Eupen. Ƙauyen Moresnet na asali kuwa yana ƙarƙashin Plombières, a ɓangaren masu Faransanci. Da yawa daga mazaunan Kelmis Jamusawa ne da ke kwana a nan su tafi aiki Aachen da safe, kuma a 1995 da tsarin Schengen ya fara aiki aka ɗauke shingayen binciken da ke kan hanyar. Fiye da 50 daga duwatsun iyaka 60 suna nan tsaye cikin daji da gonaki. A kan tarin ƙasar da aka zubar daga ramin, wadda ƙarfen cikinta ya hana yawancin tsirrai fitowa, wani ɗan fure rawaya ne ke yaɗuwa wanda ya saba da tutiya, kuma saboda shi aka mai da wasu daga cikin juji wuraren da doka ta kare. Tsohon ofishin shugabannin kamfanin ya zama gidan tarihi.

Shi kamfanin bai mutu ba. A 1989 Vieille Montagne ya narke cikin rukunin Union Minière, sunan da mutanen Kwango suka sani sarai, don shi ne ya kwashe jan ƙarfe da yuraniyom na Katanga a zamanin mulkin mallakar Beljiyam. A 2001 rukunin ya canza suna zuwa Umicore, kuma har yanzu ana sayar da fallayen rufi na tutiya a kasuwannin duniya da tambarin VMZinc.